Ɗanyen Hoto da Amanar Mai Ɗaukarsa

Tun daga shekarar 2003, sa'ad da kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Camera Raw, masu sana'ar hoto suka riƙa karkata ga ɗanyen fayil, wato hasken da idon kyamara ya tattara tun na'urar ba ta yanke masa hukunci ba. Sababin hakan a bayyane yake, domin tsarin hoto na JPEG, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1992, darajoji 256 kaɗai yake riƙewa tsakanin duhu da haske a kowane launi, alhali ɗanyen fayil na kyamarori da yawa yana riƙe da 16,384. Kuma duk wanda ya ɗauki hoton basarake ranar hawan salla, farin rawani na ƙyalli cikin rana, fuska kuwa ta fake a inuwarsa, ya san cewa da wannan rarar ce ake fito da fuskar ba tare da rawanin ya ƙone ba. Arahar katin ajiya da fitowar manhajar Lightroom a 2007 suka ƙarasa sauran.

Sai dai fa'idar ta zo da nauyinta. Hukuncin launi da haske, wanda dā kyamara ke zartarwa cikin ƙiftawar ido, yanzu ya koma wuyan mai hoto, ya kwana gaban kwamfuta yana gyara, kuma hannun da ya iya ceto inuwa shi ne ya iya shafe abin da ba ya so a gani. A 2015 gasar World Press Photo, wadda ke neman ɗanyen fayil don tantancewa, ta kori kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe. A wannan shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya umarci masu aika masa hoto su tsaya ga JPEG na cikin kyamara, saboda hanzari da gudun shubuha. A ganina hujjar masu gasar ta fi ƙarfi, domin asalin da aka adana shi ne shaidar da za a koma gare ta in an yi jayayya.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗorewar wannan shaida, tunda kowane kamfanin kyamara da nasa tsarin ɗanyen fayil: Canon na da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, kowa ya riƙe sirrin nasa, kuma DNG da Adobe ta gabatar a 2004 don a haɗu a kan tsari guda, waɗannan ukun ba su ɗauke shi a kyamarorinsu ba.