Gida a Kan Ruwa: Masu Zama Cikin Jirgi a Ingila

Daga Landan zuwa Birmingham, jirgin ƙasa kan kai mutum cikin kamar awa ɗaya da rabi. Amma a Ingila akwai waɗanda idan aka gayyace su taron dangi a Birmingham, sai su kama hanya tun saura mako biyu, domin da gidansu ɗungurungum za su tafi: gado, tukwane, murhu, har da kare in akwai. Gidan nasu jirgin ruwa ne, dogo, siriri, mai bin hanyoyin ruwan da aka haƙa da hannu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce.

Ba don yawon shaƙatawa aka haƙa waɗannan hanyoyi ba. A 1761 aka buɗe ta Bridgewater domin kai gawayin ƙasa daga Worsley zuwa Manchester, farashin gawayi kuwa ya faɗi da kusan rabi a birnin. Ganin haka masu masana'antu suka yi ta haƙa nasu. Doki ke jan jirgin daga gefen ruwa. Inda hanya ta ratsa cikin dutse, kamar ramin Standedge mai tsawon kimanin kilomita 5 da aka buɗe a 1811, sau da yawa babu wajen doki; sai maza su kwanta rigingine a kan jirgi suna tura bango da ƙafafu har su fita. Da jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace ciniki, kuɗin matuƙa ya ragu, sai da yawansu suka saki gidajen haya suka kwaso mata da 'ya'ya cikin ɗan ɗakin da ke bayan jirgi. Wato talauci ne ya fara mayar da jirgin nan gida. Sanyin 1962 zuwa 1963, da ya daskarar da ruwa na tsawon makonni, shi ya kusan ƙarasa kashe sana'ar dako.

Abin da ke hukunta rayuwar mai jirgi shi ne matakalar ruwa. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka aka gina ɗakuna masu ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a murɗa ƙarfe a saki ruwan sama ya cika ɗakin, jirgi ya taso, sannan a tura ƙofar gaba a fita. Galibi mai jirgin da kansa ke yin wannan aiki, ko ana ruwan sama ko ana ƙanƙara, kuma kowace matakala kan ci kamar minti goma sha biyar. Faɗin yawancin matakalun tsakiyar ƙasar ƙafa 7 ne kacal, shi ya sa faɗin jirgin bai wuce ƙafa 6 da inci 10 ba, mita biyu da ɗan ɗori, alhali tsawonsa kan kai ƙafa 70. Zama a ciki kamar zama ne a doguwar motar haya: in mutum biyu suka haɗu a tsakiya, sai ɗaya ya raɓe.

Doka ba ta yarda a wuce gudun mil 4 a awa ba, kusan saurin mai tafiya a ƙasa, saboda igiyar ruwa na zaizaye gaɓa. Masu jirgi suna da lissafinsu: a haɗa yawan mil da yawan matakalu, a raba uku, abin da ya fito shi ne awannin tafiya. Hanyar Grand Union daga Landan zuwa Birmingham mil 137 ce, da matakalu 166. Ka ga awa ɗari ke nan. A wani wuri mai suna Tardebigge kuwa, kan wata hanyar daban, matakalu 30 ne a jere, yini guda cur a wuri ɗaya.

Mai kallo daga kan gada zai ce waɗannan sun huta da wahalar duniya. Ni dai ban ga hutu a nan ba. Wata wahalar suka musanya da wata, kuma da yawansu sun san haka suka zaɓa. Ruwan sha sai an je famfon da aka tanada an cika tanki. Tankin bayan gida sai an ɗauka an kai inda ake zubarwa. Wuta daga batir take zuwa, wanda inji ko faifan hasken rana ke cikawa. Duk bayan shekara biyu ko uku a fitar da jirgi a shafe ƙasansa da baƙin fenti saboda tsatsa, duk shekara huɗu kuma a sabunta takardar shaidar lafiyarsa. Ga matsalar rashin adireshi wajen banki da karɓar wasiƙa. A Landan, tsadar haya ce ta kai matasa da dama kan ruwa, kamar dai yadda talauci ya kai iyalan matuƙan da.

Hukumar Canal & River Trust, wadda tun 2012 take kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, ita ke ba jirage lasisi. Wanda bai kama wurin ɗaure jirgi na dindindin ba, dokar 1995 ta ce kada ya wuce kwana 14 a wuri guda; sai ya ci gaba da tafiya.

Nan zumunci ke shan gwaji. Babban taron dangi a Ingila na Kirsimeti ne, ya kuma faɗo tsakiyar lokacin da hukumar ke rufe matakalu don gyara, daga Nuwamba zuwa Maris. Matakala ɗaya in an rufe, hanya ta yanke, ba a kewaya ta sai ta wata doguwar hanyar, in ma akwai. Shi ya sa mai jirgi kan zauna tun kaka da jadawalin gyare-gyare yana auna ta ina zai bi. In lissafi ya ƙi, sai ya ɗaure jirgi kusa da tasha, ya tsiyaye ruwan bututu kada ƙanƙara ta fasa su, ya hau jirgin ƙasa kamar kowa. Sai dai kwana 14 ɗin nan suna tafiya ko yana gidan iyayensa, in ba ya biya kuɗin wurin ɗaurewa na lokacin sanyi ba, wanda hukumar ke sayarwa a wasu wurare.