Labarin Linjila A Cikin Finafinan Kumbo Da Butum-Butumi

Na san akwai waɗanda da ganin kan wannan magana za su ce, to, me ya haɗa kifi da kaska? Finafinan nan na ƙagaggun labaran kimiyya, watau masu nuna kumbo da baƙi daga wasu duniyoyi da butum-butumin ƙarfe, iyayenmu da yawa sun ɗauke su shirme ne da ɓata lokaci. Mu kuwa yara ba abin da ke jan mu gare su sai faɗa da harbe-harbe. Ni a ganina dukkanmu mun tsallake wani abu. Da yawa cikin mashahuran finafinan nan aro suka yi daga Littafi Mai Tsarki, musamman labarin Yesu Almasihu, suka sa masa sabuwar riga. Sai dai aron bai cika ba, akwai inda suka bauɗe, nan ne kuwa nake so mu lura.

Bari in fara da wani tsohon fim na Amurka mai suna The Day the Earth Stood Still, wanda ya fito a shekarar 1951, zamanin da Amurka da Rasha ke tseren ƙera bam na nukiliya. Wani baƙo mai suna Klaatu ya sauko da kumbonsa a birnin Washington da saƙon zaman lafiya. Ya fito ke nan, ya ciro kyautar da ya kawo, sai wani soja ya tsorata ya harbe shi. Da ya warke sai ya sulale daga asibiti, ya shiga cikin talakawa ya zauna, yana amsa sunan Carpenter. Ma'anar sunan nan kafinta, wanda ya karanta Linjila kuwa ya san sana'ar gidan da Yesu ya tashi ke nan. Daga baya sojoji suka farauce shi suka kashe, butum-butuminsa mai suna Gort ya ɗauko gawar ya kai cikin kumbo, ya tashi da rai, ya yi wa mutane jawabi, sa'an nan ya hau sama. Wanda ya rubuta labarin, Edmund North, ya ce da gangan ya yi wannan kamanci. Masu tace finafinai na zamanin ma sun lura, har suka sa aka ƙara wata magana a bakin Klaatu, cewa ikon rai da mutuwa ba na na'ura ba ne, na Maɗaukaki ne kaɗai.

To, amma mu dubi saƙon da ya bari. Cewa ya yi in mutanen duniya suka kai fitinarsu sararin samaniya, butum-butuman da ke gadin duniyoyi za su ƙone tamu ƙurmus. Ashe zaman lafiyar nan ta tsoron bulala ce. Linjila kuwa ta nuna daren da aka zo kama Yesu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya tsawata masa ya sa ya mai da takobin kube. A kan gicciye ma gafara ya roƙa wa masu kashe shi. Kun ga siffa ɗaya, amma zuciya dabam.

Superman na shekarar 1978 shi ma haka. Uba a wata duniya mai nisa ya aiko da ɗansa tilo zuwa ga mutane, talakawa manoma suka yi renonsa. Amma waɗanda suka ƙago shi, aka fara buga labarinsa a 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster, Yahudawa ne, jaririn da aka sa cikin ɗan kumbo don ya tsira kuwa ya fi kama da Annabi Musa da aka sa a kogi. Wannan labari ne da mu duka, Kirista da Musulmi, muka sani tun muna ƙanana. Masu fim ne daga baya suka yi ta jan sa wajen Almasihu, har a Man of Steel na 2013 aka ba shi shekara 33, aka kuma zaunar da shi cikin coci da hoton Yesu a tagar bayansa. Haka kuma E.T. na 1982: baƙo ya warkar da rauni da yatsansa, ya mutu, ya farfaɗo, ya koma sama yana barin abokansa cikin hawaye. Steven Spielberg da ya shirya shi Bayahude ne, ya kuma ce sam bai nufi wannan ba. Na yarda da shi. Labarin ya riga ya jiƙa ƙasashen Turawa shekaru aru-aru, har mai ba da labari yakan bi sawunsa bai sani ba.

Wanda aka fi gardama a kansa a ɗakin kwananmu shi ne The Matrix na 1999. A nan kam ba ɓoye-ɓoye. Na'urori masu ƙwaƙwalwa sun bautar da 'yan Adam, sun sa su barci, suna nuna musu duniyar ƙarya cikin mafarki. Birnin da 'yantattu suka fake sunansa Sihiyona, jirginsu kuwa Nebukadnezzar, sunan sarkin Babila mai mafarkai da ke cikin littafin Daniyel. Jarumar sunanta Trinity, watau Triniti. Morpheus yana ta shelar zuwan wanda ake jira, kamar Yahaya Mai Baftisma. Akwai ma maci amana, Cypher, wanda ya sayar da 'yan'uwansa yana zaune gaban farantin nama, don a mai da shi cikin mafarkin ya ji daɗi. Wa zai ga wannan bai tuna Yahuza Iskariyoti da kuɗin azurfa 30 ba? Ni wurin nan ya fi taɓa ni, domin Cypher ya san naman ƙarya ne, ya faɗa da bakinsa, duk da haka ya zaɓe shi. Mu ɗalibai ma mun san irin wannan ciniki, ko da a ɗakin jarrabawa ne. A ƙarshe aka harbe Neo ya mutu, ya kuma tashi.

Sai dai me ya cece shi? Sani ne: ya gane duniyar ƙarya ce, ya yarda da kansa, shi ke nan harsashi ya daina cinsa. A koyarwar Kirista kuwa ciwon mutum ba jahilci kaɗai ba ne, zunubi ne, maganinsa kuma tuba da alherin Allah. Kada mu manta kuma da tulin bindigogin da Neo ya ɗauka, da masu gadin da ya karkashe, waɗanda bayi ne masu barci, irin mutanen da ya ce ya zo 'yantarwa. Babu wanda ya tsaya ya yi musu kuka, mu ma 'yan kallo tafi muka yi.

Abin mamaki, fim ɗin da na ga ya fi kusa da zuciyar Linjila ba ya kiran sunan kowa daga Littafi Mai Tsarki. Shi ne Return of the Jedi na 1983, na uku a fitowa cikin jerin Star Wars da George Lucas ya fara a 1977. Addinin da ke cikin jerin nan ba na Kirista ba ne, gama ƙarfin nan da jarumai ke dogara da shi ba ya ji, ba ya magana, yana kuma da gefen haske da gefen duhu, abin da ya fi kama da koyarwar addinan ƙasashen Asiya. Duk da haka ku dubi ƙarshensa. Luke ya kayar da Darth Vader, mugun da ya zama ubansa ne, ya sare masa hannu, mugun sarki yana zuga shi ya ƙarasa shi. Sai ya jefar da takobinsa na haske, ya ƙi. Sarkin ya shiga azabtar da shi, yana kiran ubansa. Uban da ya shekara fiye da 20 yana aikin mugunta ya dubi ɗansa, ya sunkuci sarkin ya jefa shi rami, shi ma ya samu raunin da ya zama ajalinsa. Ya roƙi a cire masa hular ƙarfen nan don ya ga ɗansa da idonsa, sa'an nan ya cika.

Wannan tuban minti na ƙarshe ne, irin na ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu a Luka sura 23. Wani abokina ya ce masa wannan ba adalci ba ne, mutum ya kashe jama'a ba iyaka, bai mai da ran ko guda ba, sa'an nan a nuna shi a ƙarshen fim yana murmushi cikin salihai. Maganarsa tana da nauyi, ba kuwa sabuwa ba ce. Ita ce ƙarar da babban wa ya kai gaban ubansa cikin misalin ɓataccen ɗa a Luka sura 15, sa'ad da ya dawo daga gona ya tarar an yanka kiwataccen maraƙi saboda ƙanen da ya cinye gadonsa a banza. Bambancin kawai, a fim ɗin uban ne ya ɓace, ɗan ya bi shi har cikin gidan maƙiya.