Likitan Haƙori da Ƙaro Ilmi: Ciwon Muƙamuƙi da Sarƙewar Numfashi Cikin Barci



In aka ambaci likitan haƙori, abin da ke zo wa mutum a zuci shi ne cirewa da cikewa da wankewa. To, amma tun daga wajejen 1980 aikin nan ya faɗaɗa, musamman a Amurka da Ingila, har ya haɗa da waɗansu cututtuka biyu, watau ciwon gaɓar muƙamuƙi da kuma sarƙewar numfashi cikin barci. Da yake akasarin likitocin da ke bakin aiki sun bar makaranta ba a koya musu waɗannan sosai ba, sai ya zamana a kwasa-kwasan ƙaro ilmi suke koyonsu. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba abin da ya wajabta wannan ƙaro ilmi, da irin haɗarin da ke cikinsa. Ni malamin Hausa ne, aikin ƙirƙirar kalmomin kiwon lafiya ne ya kai ni ga wannan fage, saboda haka waɗansu sunayen da za ku ji ƙira ce ta gida, ana iya gyara su.

Kowa ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, ya buɗe baki. Abin da ya ji yana motsi shi ne gaɓar muƙamuƙi. Ita wannan gaɓa ta sha bamban da gwiwa, domin aiki biyu take yi: da farko kan ƙashin yana juyawa a wurinsa, sa'an nan in baki ya ƙara buɗewa sai ya zame gaba, da wani ɗan faifai mai laushi a tsakaninsa da ƙoƙon kai. Ga shi kuma biyu ce, dama da hagu, ɗaya ba ta motsi sai da ɗaya. Lafiyayyen baki yakan buɗe milimita 40 ko fiye, kimanin yatsu uku ke nan. In faifan ya goce, sai a riƙa jin ƙas-ƙas wajen tauna, wani lokaci ma baki ya ƙage. Sau da yawa kuwa gaɓar lafiyarta lau, tsokokin tauna ne suka gaji. Ciwon ya fi kama mata, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 20 da 40.

Wahalar ita ce maras lafiya ba ya zuwa ya ce gaɓarsa ke ciwo. Cewa zai yi kunnensa ne, ko ɓarin kansa, ko ya nuna wani haƙori ya rantse shi ne. Likitan da bai san yadda ciwon tsoka ke yaɗuwa zuwa haƙori ba sai ya cire lafiyayyen haƙori, ciwo kuwa yana nan daram, a koma kan na kusa da shi.

Tarihin fahimtar wannan ciwo shi ne babbar hujjar ƙaro ilmi. A 1934 wani likitan kunne da hanci na birnin Sen Luwis a Amurka, James Costen, ya danganta shi da zubewar haƙoran turmi da rashin daidaiton cizo. Wannan ra'ayi ya yi shekaru yana mulki, aka yi ta goge kan haƙoran mutane ana sake musu cizo. A 1969 Daniel Laskin ya karkatar da hankali zuwa ga tsoka da damuwar rai. Mafi muni shi ne abin da ya faru cikin shekarun 1980, lokacin da aka cire wa dubban mutane faifansu aka sanya na roba mai Teflon. Robar ta riƙa marmashewa, ƙashi yana zaizayewa, har a 1990 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai, aka janye ta. Garin gyaran gira aka rasa ido, kuma waɗanda suka yi aikin ba jahilai ba ne, abin da aka koya musu ne a zamaninsu.

Daga nan aka fara nutsuwa. A 1992 Samuel Dworkin da Linda LeResche na Jami'ar Washington da ke Siyatul suka tsara ƙa'idojin gano cutar, inda suka ce a auna jiki, a kuma auna halin da ran mutum yake ciki. An sabunta ƙa'idojin a 2014. Taron da cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka kira a 1996 ya ba da shawarar a fara da maganin da ake iya warwarewa: hutar da muƙamuƙi, abinci mai laushi, gashi da ruwan ɗumi, motsa gaɓar a hankali, maganin rage zafi, da roba mai kare haƙora da dare. Duk da haka sai a 2020 aka amince da ciwon baki da fuska a matsayin fannin ƙwarewa na 12 a likitancin haƙori a Amurka. Ku lura da wannan: likitan da ya gama karatu a 1985, in bai koma ya zauna gaban malami ba, har yau da ra'ayin Costen yake aiki.

Yanzu sai mu juya ga barci. A wurinmu minshari abin tsokana ne, wasu ma suna ɗaukarsa alamar barci ya yi daɗi. Ba kowane minshari ne cuta ba, amma akwai wanda mai shi zai yi ta ja, sai a ji shiru, can kuma ya zabura da shaƙa kamar wanda aka shaƙe. Abin da ke faruwa shi ne tsokokin maƙogwaro sun saki, harshe da ganda sun koma baya sun toshe hanyar iska. In tsayawar ta kai daƙiƙa 10 ana ƙirga ta. Sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya ana cewa cutar mai sauƙi ce, 15 zuwa 30 matsakaiciya, fiye da 30 kuwa mai tsanani. Mutum ya kwana awa takwas ya tashi a gajiye, yana gyangyaɗi a ofis, ko a bayan sitiyari, wanda ya fi haɗari. Tana kuma da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce manya miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da ita a duniya.

Christian Guilleminault da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford ne suka bayyana ta filla-filla cikin shekarun 1970, sa'an nan a 1981 Colin Sullivan na Sidni a Ostareliya ya fito da na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Ita ce magani mafi ƙarfi, sai dai mutane da dama ba sa jure kwana da ita a fuska. A nan ne likitan haƙori ya shigo, da wata roba da ake ƙerawa daidai bakin mutum, wadda ke tura muƙamuƙin ƙasa gaba da 'yan milimitoci, harshe ya bi shi, maƙogwaro ya buɗe. Dabarar tsohuwa ce, tun 1902 Pierre Robin na Faransa ya ƙera irinta don yara.

Me ya sa ake haɗa cututtukan biyu a kwas ɗaya? Domin maganin ɗaya yana taɓa ɗayan. Robar da ke riƙe muƙamuƙi a gaba dare bayan dare tana iya tayar da ciwon gaɓa, kuma cikin shekaru tana sauya yadda haƙora ke haɗuwa. Haka nan mai taunar haƙora cikin barci, wanda aka ba shi robar kariya ba a tambaye shi minshari ba, watakila numfashinsa ne ke sarƙewa, an bar babbar cuta ana jinyar ƙarama. Bisa ga haka ne ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci da ta likitocin haƙori masu aikin barci a Amurka suka fitar tare a 2015 ta raba aiki: likitan barci ne ke tabbatar da cutar bayan gwaji, likitan haƙori da ya sami horo ya ƙera robar ya riƙa duba bakin, sa'an nan a sake gwajin barci don a ga ko ta yi aiki. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi yin sakaci da shi, alhali minshari yana iya ɗaukewa, matar gida ta yi murna, numfashi kuwa yana nan yana tsayawa.

Dokar ƙaro ilmi dai tana nan. A Ingila, tun 2018 hukumar likitocin haƙori ta ɗora wa kowannensu awa 100 cikin shekara biyar, da shaidar halarta. A Amurka kowace jiha da nata adadin. A Nijeriya ma hukumar likitoci da likitocin haƙori tana neman shaidar ƙaro ilmi kafin ta sabunta lasisi. Amma ni a ganina ƙirga awoyi shi ne abu mafi sauƙi, kuma ma'aikatan da ke cikin wannan zaure sun san yadda takardar halartar kwas ke samuwa. Tambayar ita ce wane ne malamin, kuma me yake sayarwa. Akwai kwas na kwana biyu da mai ƙera na'ura ke shiryawa a otal, a fito da imanin cewa kowane ciwon kai daga cizo yake, maganinsa kuwa na'urar mai kwas ɗin. Akwai kuma horo na shekara biyu a asibitin jami'a, inda likita ke duba marasa lafiya a gaban ƙwararru. Dukansu biyu sunansu ƙaro ilmi, kuma rahoton da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2020 ya koka cewa har zuwa lokacin ana yi wa masu ciwon muƙamuƙi ayyukan da ba su da ƙwaƙƙwarar hujja. Kwas ɗin da ya cancanci a ba shi maki, a wurina, shi ne wanda ke koya wa likita lokacin da zai janye hannunsa ya tura maras lafiya wurin wani.

Mu nan akwai dalili guda da zai sa hukumominmu su kula da wannan fanni. CPAP ba ta aiki sai da wutar lantarki ko batir har gari ya waye, robar baki kuwa ba ruwanta da wuta, ana sa ta a aljihu a yi tafiya. Amma ba a ba da ita sai bayan gwajin barci, ba ta kuma zama sai a bakin da ke da isassun haƙora masu ƙarfi da lafiyayyen dasashi, don haka horar da likitan haƙori shi kaɗai bai wadatar ba, sai an tanadi ɗakin gwajin da zai tura mutane, da likitan barcin da zai karanta sakamakon.