Buri Daban, Niyya Daban

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na ƙasar Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har zuwa Kuchi. Yau hirar tamu a kan wani abu ne da kowacce daga cikinmu ta san shi, wato yadda mace za ta ƙudurta abu a ranta, kuma ta bi shi har ta ga ƙarshensa.

'Yar'uwa, bari in fara da tambayarki. Sau nawa kika ce, "Bana kam sai na sauke Alƙur'ani," ko "Bana sai na yi akuyar kaina," shekara ta juyo ba ki ga ko ɗaya ba? Kada ki ji kunya, dukkanmu mun yi. Kuma ba lalaci ba ne, don macen da ke tashi tun asuba ta yi shara, ta yi daka, ta ɗora sanwa, ta yi wa yara wanka, ba a ce mata raguwa. Abin da ke faruwa shi ne muna tsayawa ga buri, ba mu kai shi ga niyya ba.

Buri shi ne ki ce, "Ina son in samu abin hannuna." Niyya kuwa ita ce ki ce, "Daga yau zuwa watan Rajab zan tara Naira 36,000 in sayi 'yar akuya." Kin ji bambancin? Ta biyun tana da suna, tana da adadi, tana da ranar ƙarewa. Duk abin da ya rasa waɗannan uku, to har yanzu buri ne.

Abu na farko, ki zaɓi guda ɗaya tak. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan kika haɗa karatu da jari da kayan ɗakin ɗiyarki da gyaran ɗaki duk a wata guda, sai ki gaji tun ba a je ko'ina ba. Ki zauna bayan sallar isha, yara sun yi barci, ki tambayi kanki: wanne ne idan na same shi zai sauƙaƙa mini sauran? Mata da yawa za su tarar jari ne, don shi ke haifar da kuɗin makaranta da na kayan ɗaki. Wata kuma karatu ne, don tana son ta iya duba lissafin sana'arta da kanta ba sai ta jira yaro ya dawo ba.

Na biyu, ki yanka shi gunduwa-gunduwa har ya zama aikin yini ɗaya. Mu ɗauki Naira 36,000 ɗin nan. A dunƙule tana da ban tsoro. Amma Naira 200 ce kullum har kwana 180, wato wata shida. Ribar ƙuli-ƙuli ko fura ko daddawa tana iya ɗaukar wannan. Idan 200 ta yi miki yawa, ki yi 100, ki ƙara watanni. Akuyar nan ja tamu ta Sakkwato cikinta wata biyar ne, kuma sau da yawa tagwaye take haifa. Kin ga ke nan ɗari biyun nan da kika riƙa ajewa ta zama garke a tsakar gidanki.

Haka ma karatu. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Macen da ke biya sumuni ɗaya kullum za ta kai ƙarshe cikin kwana 480, shekara ɗaya ke nan da wata huɗu da 'yan kwanaki. Wadda ta ce sai ranar da ta samu sarari za ta yi izu biyar a zama ɗaya, tana iya shekara goma tana jiran sararin. Malamanmu suna karantar da mu cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne, shi ya fi soyuwa a wurin Allah. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku, ki ɗaure aikin ga wani abu da ba ki taɓa fashinsa. Kada ki ce, "Zan yi in na samu lokaci," don matar gida ba ta samun lokaci, sai dai ta ƙwace shi. Ki ce, "Da na sallame sallar asuba, kafin in hura wuta, zan biya sumunina." Ko kuma, "Da zarar an kawo mini cinikin yau, kafin in taɓa ko kwabo, zan jefa 200 a asusu." Masana a wata jami'a ta birnin Landan sun bi mutane 96 da ke koyon sabuwar ɗabi'a, suka fitar da sakamako a 2009. Sun tarar cewa a tsaka-tsaki sai an yi kamar kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wani ya fi haka sauri, wani kuma ya haura wata takwas. Sun kuma ga cewa fashin rana ɗaya ba ya rushe aikin. Saboda haka idan kika yi sati uku kina jin abin da nauyi, ba ke kaɗai ba ce. Ranar da yaro bai da lafiya ko aka yi baƙi kika fasa, kada ki ce an ɓata goma biyar ba ta gyaru ba, ki watsar. Washegari ki ɗora daga inda kika tsaya.

Na huɗu, ki yi shaida. In kina rubutu, da boko ko da ajami, ki samu ɗan littafi. In ba ki yi, ki samu gwangwani, kullum kika cika alkawari ki jefa ƙwayar wake ɗaya. Ran Juma'a ki juye ki ƙirga. Idonki zai gaya miki gaskiyar da zuciya ke ɓoyewa.

To sai maganar abubuwan da ke cinye niyya, kin dai san su. Akwai biki da anko da gudunmawa. Akwai mai zuwa rance da hawaye. Ki ware abin zumunci daban tun farko, kuɗin niyya kuma ki ɗauka ba naki ba ne. Dalilin da ya sa adashe ke aiki ke nan: kunyar uwar adashe ta fi ƙarfin kwaɗayin atamfa. Amma ki shiga da waɗanda kika san gidajensu, kuma ki san abin da za ki yi da kwasarki tun kafin ta zo. Sannan kada kuɗi su daɗe a kwance. Kin ga yadda kaya suka yi tsada daga 2023, kin kuma tuna wahalar canjin kuɗi a farkon shekarar 2023, yadda masu ɓoye takardun Naira a ƙarƙashin katifa suka shiga ruɗani. Da sun taru, ki mayar da su gyaɗa lokacin kaka, ko dabba.

Maigida fa? Ki shaida masa tun farko, cikin ladabi da lokacin da ya huta. Ke ba ki zuwa kasuwa, shi ko ɗan'uwanki ne zai sayo miki akuyar, shi ne kuma zai ba ki izinin zuwa Islamiyyar matan aure. Ki nuna masa amfanin da gida zai samu. Abu ɗaya nake roƙonki: kada cikar burinki ta zama sanadin cire ɗiyarki daga makaranta don talla. Ki nemi dillaliya, ko masu saye su aiko har gida.

Wata za ta ce, ni da nake cikin kulle me zan iya? 'Yar'uwa, tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Ɗan'uwanta Muhammadu Buhari ne ya riƙe Tambuwal ɗin nan. Matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, da hidimar babban gida a kanta. Ta ƙudurta cewa ilmi sai ya kai ga matan ƙauye. Ba ta ce sai ta zaga kowane gari da ƙafarta ba. Sai ta zaɓi dattawan mata, ta naɗa su jajis, ta ba kowacce malfa, suna zuwa wurinta da 'yan mata su ɗauki karatu a cikin waƙoƙin da ta tsara masu sauƙin haddacewa, su koma su biya wa matan da ke cikin gidaje. Su ne 'Yan Taru. Tafiya bayan tafiya, har aikin ya ci gaba bayan rasuwarta a hannun ƙanwarta Maryam.

Ga aikin gida na wannan mako. Daren yau ki zaɓi abu ɗaya, ki sa masa adadi da wata, ki san rabon kowace rana, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi don ya riƙa tambayarki. Gobe da asuba ki jefa ƙwayar wakenki ta farko.

Allah Ya yi mana jagora, Ya sa albarka a abin da muka sa gaba. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.