Tsatsar Ƙarƙashin Batir da Tsofaffin Motocin Zongon Lome

A jikin tsohuwar mota babu wurin da ya fi saurin ruɓewa, kuma babu wurin da aka fi mantawa da shi, kamar ɗan farantin ƙarfen da batir ke zaune a kai. Mai mota zai zuba kuɗi a fesa wa jikinta sabon fenti, a ɗinke kujeru, a wanke inji har ya riƙa ƙyalli, amma a yi shekaru ba wanda ya ɗaga batir ya leƙa ƙarƙashinsa. Ranar da aka ɗaga sai a tarar ƙarfen ya zama gari, hannu na taɓa shi yana zubewa.

Wannan magana ta shafi mutanen Zongon Lome fiye da 'yan'uwansu na Maraɗi ko Katsina. Zongo unguwa ce da harkar mota ta zame mata abinci. Tun da hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni a 1977, aka mayar da jama'a can arewa, kimanin kilomita 15, wajen Agoè da Togblékopé, sai unguwar ta zauna daidai bakin babbar hanya mai lamba 1 wadda ta bi Atakpamé da Sokodé da Kara har Cinkassé, kan iyakar Burkina Faso. Tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda aka buɗe a 1968, ta daɗe tana sauke motocin da suka gama zamaninsu a Turai, kuma dillalai da direbobi Hausawa na cikin masu kai su ƙasashen Sahel. Cikin wannan hada-hada har yau akan ci karo, jefi-jefi, da motocin da suka zama kayan tarihi: Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, da 504 wadda ta fito a 1968 aka kuma yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna, da Marsandi samfurin W123 da ta fito kasuwa a 1976. Marsandi kuwa tana da daraja ta daban a wannan birni, tunda ita ce ta ba hamshaƙan matan nan masu sayar da atamfa a babbar kasuwa sunansu na Nana Benz. Wanda ya gaji irin wannan mota, ko ya saye ta don sha'awa, ya san injinta ba ya saurin mutuwa. Jikinta ne ke riga injin tafiya.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da iska da danshi, gishiri kuma shi ke hanzarta aikin. Lome tana bakin teku, iskarta na ɗauke da laima kusan duk shekara, ga gishirin da take kwasowa daga ruwa. Damina biyu ake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba, kuma yankin Zongo da ke kusa da kogin Zio ya saba da kwanciyar ruwa. Motar da ta yi shekara talatin a Zinder za ka same ta fenti ya koɗe amma ƙarfe garau; irin ta a Lome tuni ƙasanta ya fara hujewa. Sannan da yawa daga cikin motocin nan da ciwonsu suka iso, domin a Jamus da Beljiyam da Holan gishiri ake watsa wa tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, shi kuma yana maƙalewa a kowane lungu na ƙarƙashin mota.

Mazaunin batir yana da ƙarin maƙiyi nasa na kansa, wato asid. Batirin mota mai volt 12 ɗakuna shida gare shi, kowanne da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan da kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne mai cin ƙarfe. Idan inji na aiki, altaneta na mayar wa batir caji, kuma ƙa'ida shi ne ƙarfin cajin ya tsaya tsakanin volt 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. A tsofaffin motoci na'urar da ke daidaita cajin kan gaji, sai wuta ta yi yawa, ruwan batir ya riƙa tafasa yana fitar da tururi mai asid. Tururin nan ke sauka a kan batir, ya gangara gefe, ya taru a ƙasa. Shi ne asalin farin garin nan, wani lokaci shuɗi-shuɗi, da ake gani a kawunan batir. Zafin gari na ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma kuskuren cika batir har baki, da na zuba masa sabon asid duk lokacin da ruwa ya ja baya, alhali abin da ya ƙafe ruwa ne kawai, tataccen ruwan batir ake mayarwa.

Amma in za a faɗi gaskiya, babban laifin yana hannunmu. Da zarar ƙarfen da ke ɗaure batir ya ɓata ko ya karye, sai a yanko robar tsohon tub a ɗaure, wani ma igiya. Batir kuwa nauyinsa ya kai kilo 15 zuwa 20. Duk ramin da mota ta faɗa yana tsalle yana gurje fentin ƙasansa, ruwansa na fantsama. Idan farantin ya fara hujewa, sai a shimfiɗa katako ko kwali a ɗora batir a kai, a ce an yi dabara. Katako da kwali suna shan asid da ruwan sama su riƙe, su manna su a jikin ƙarfe dare da rana. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a faranti. A W123 batir na zaune ne can ƙuryar ɗakin inji, jikin bangon da ya raba inji da mutane. Idan wurin ya huje, ruwan sama ta nan yake bi ya sauka ƙarƙashin ƙafar wanda ke gefen direba, mai mota na ta zargin robar gilashi, dabe na ruɓewa a ƙarƙashin kafet. A Volkswagen ƙirar kunkuru batir yana ƙarƙashin kujerar baya, shi ya sa daben wannan gefen ke fara tafiya. A wasu motocin kuma ƙashin mota ne kai tsaye a ƙasan farantin, ga wayoyi da bututun burki na bi ta kusa. Batirin da ba a ɗaure ba kuwa, in ya yi tsalle kansa mai alamar tarawa ya taɓa ƙarfen jiki, gobara ce.

Gyaran ba ya buƙatar babban gareji, haƙuri yake buƙata. A kashe inji, a fara kwance wayar da ke kan alamar ragewa, sannan ta alamar tarawa. Wajen mayarwa a juya tsarin. Dalili shi ne jikin motar duka a haɗe yake da ɓangaren ragewa, in aka fara da ɗayan kuma sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi. A sa safar hannu da tabarau, a ajiye taba nesa, a fitar da batir a kai shi can gefe, domin iskar haidurojin da yake fitarwa tana kamawa da wuta.

Kafin a taɓa tsatsa sai an kashe asid. Masu gaggawa nan suke tsallakewa, su kankare su shafa fenti, bayan 'yan watanni fentin ya kumbura. A dama hodar bikarbonet a ruwa a zuba, za a ga wurin yana kumfa. A yi ta maimaitawa har kumfar ta daina. In babu ita, kanwa na yin wannan aiki, ita dai kanwar da kakanninmu fatake suka riƙa saukowa da ita daga arewa suna komawa da goro. Sai dai kanwa takan zo da gishiri da ƙasa a jikinta, don haka a tace ruwanta, a kuma ɗauraye wurin sosai da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe ƙayau.

Daga nan sai burushin ƙarfe da samfefa, har farin ƙarfe ya bayyana. A ɗauki sukudireba a riƙa dannawa da ƙarfi ko'ina, har da ƙasan farantin da bangon da ke kewaye. Inda bakinta ya shige, wurin ya mutu, kada a yaudari kai. In tsatsar sama-sama ce, akwai maganin da ake sayarwa mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da ragowar tsatsa baƙi ya tsayar da ita, sai a bi da fenti. In kuwa an sami huji, yanka ne magani, kuma a yanka har sai an iso ƙarfe mai lafiya, ko da ramin ya ninka yadda aka zata. Filar da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita ba ta da wurin zama a nan. Ba ta ɗaukar nauyi, tana shan laima, aikinta kawai ta ɓoye ciwo daga idon mai saye.

Samun sabon farantin 404 ko 504 a kanti ba abu ne mai sauƙi ba yanzu, na wajen masu fasa tsofaffin motoci kuma sau da yawa ciwonsu ɗaya da wanda ake son cirewa. Gwanin walda zai ƙera wanda ya fi su. Ya auna da kwali tun kafin a jefar da tsohon, ya yanko falle mai kaurin milimita ɗaya da rabi ko kusa, ya lanƙwasa gefuna su riƙe batir, ya bar hujin da ruwa zai tsiyaye ba tare da ya zuba kan ƙashin mota ba. A wasu motocin da noti aka ɗaure farantin, a wasu da ɗigon walda. A bi yadda kamfani ya yi. Lokacin walda a janye wayoyi da bututun mai, a cire kafet ɗin ciki in bangon ne ake aiki a kansa, a ajiye ruwa kusa. Ni a ganina, mai mota ya tsaya a wurin da kansa a wannan rana, don a nan ne ake yin ha'inci: a ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓe a like gefuna. Tsakanin fallayen biyu laima za ta samu ɗaki.

Bayan walda a share, a shafa fentin hana tsatsa ciki da baya, an fi son mai haɗi biyu na efoksi, a bi da fentin sama hawa biyu, a ba shi lokaci ya bushe. A shimfiɗa roba maras shan ruwa, a mayar da maɗaurin ƙarfe na gaske wanda in ka girgiza batir ba zai motsa ba, a shafa ɗan giris a kawunan. Sannan a wuce wajen mai gyaran wutar mota ya auna caji inji na aiki. In ya haura volt 15, a gyara na'urar daidaita cajin, in ba haka ba sabon farantin ma hanyar tsohon zai bi.

Tsohon batir da aka cire kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata. A Thiaroye-sur-Mer, wajen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalmar da ake cirowa daga tsofaffin batura a cikin unguwa. A mayar da shi ga mai sayar da batir a rufe yadda yake.

Kai kuma mai shirin sayen tsohuwar mota, a filin motocin bakin tashar jiragen ruwa ne ko a hannun maƙwabci a Zongo, kafin a yi maganar kuɗi ka ce a ɗaga maka batir. In mai ita ya ce ba sai an ɗaga ba, ka rage tayinka ko ka nemi wata.