Auren Gudu a Bakin Iyaka: Darasi Daga Ƙauyen Gretna Green

Gabatarwa

Na fara cin karo da sunan Gretna Green ne a cikin littafin Jane Austen mai suna Pride and Prejudice, wanda ya fito a 1813, inda wata yarinya ta gudu da saurayinta da niyyar zuwa can. Sai na tambayi kaina: in da aka ce in fassara wannan wuri zuwa Hausa, yaya zan yi mai karatu ya gane dalilin tashin hankalin iyayenta? Rubuta sunan garin kawai ba zai wadatar ba, sai an san dokar da ta haifar masa da suna. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda bambancin dokar aure da sauyin iyakoki kan juya rayuwar garuruwan bakin iyaka.

Doka Biyu a Ƙasa Ɗaya

Ingila da Sikotilan sun haɗe a 1707, amma kowacce ta riƙe tsarin shari'arta. A 1753 majalisa ta yi wa Ingila dokar aure wadda ta fara aiki a 1754. Dokar ta ce sai an ɗaura aure a coci bayan sanarwa ko samun lasisi, kuma wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye. Manufar ita ce hana auren ɓoye, musamman yadda masu kwaɗayi ke yaudarar 'ya'yan masu dukiya don su ci gado.

To amma dokar ba ta shafi Sikotilan ba. A can, namiji mai shekara 14 da mace mai 12 na iya aure ba da izinin kowa ba. Da zarar sun furta a gaban shaidu biyu cewa sun yarda da juna, aure ya ɗauru. Gretna Green kuwa shi ne ƙauyen farko da matafiyi zai tarar idan ya baro Carlisle ya ƙetare ƙoramar Sark. Nan da nan masoya suka mayar da shi mafaka. Maƙeran ƙauyen da masu masauki suka zama maɗaura aure, har uwar maƙera ta zama alamar garin. Masu keken doki da masu sayar da abinci duk suka samu abin yi. Faɗuwar wani, tashin wani.

Idan Iyaka Ta Matsa

Ba Gretna kaɗai ba ne. A gabas akwai garin Berwick, wanda ya sha sauya hannu tsakanin ƙasashen biyu kafin ya tabbata a hannun Ingila a 1482. Wannan ya bar gundumar Berwickshire ta Sikotilan tana ɗauke da sunan garin da ba ya cikinta. Saboda iyaka ta koma arewa da garin, sai ƙofar karɓar kuɗin hanya ta Lamberton ta zama wurin farko a Sikotilan, ita ma ta shiga sana'ar ɗaura aure. Haka gidan karɓar kuɗin da ke bakin gadar Coldstream. Ke nan ba girman gari ke jawo wannan kasuwa ba, inda layin iyaka ya faɗa ne.

Kiɗa Ya Sauya

Abin da doka ta bayar, doka kan karɓe. A 1856 aka wajabta wa ɗaya daga cikin masu auren zama kwana 21 a Sikotilan kafin a ɗaura. A 1929 aka ɗaga mafi ƙarancin shekarun aure zuwa 16. A 1940 aka soke auren furuci a gaban shaidu, maƙera suka rasa wannan matsayi. A 1977 aka janye sharaɗin kwana 21. A 2023 Ingila ta ɗaga shekarun aure zuwa 18, alhali Sikotilan na kan 16 a lokacin. Gretna dai bai mutu ba, domin har yanzu dubban ma'aurata na zuwa kowace shekara, sai dai yanzu don sha'awar tarihi.

A Amurka ma an ga irin haka. Da jihar Delaware ta tsaurara dokarta a 1913, sai garin Elkton na jihar Maryland ya cika da masu auren gaggawa, har aka riƙa kiransa Gretna Green na Amurka. A 1938 Maryland ta kafa jiran awa 48, kasuwar ta ja baya. Ɗalibin harshe zai lura da yadda sunan wuri ya rikiɗe ya zama sunan gama-gari.

Matsalar Takardu

Inda abin ke ciwo shi ne wajen neman shaida. Sikotilan ba ta fara rajistar aure ta hukuma ba sai a 1855, don haka littattafan auren gudu a hannun maɗauran suke, wasu sun ɓata. Idan rigimar gado ta taso, halascin ɗa na iya ratayawa a kan takarda guda. Ga kuma sauyin gundumomi: Carlisle na cikin Cumberland har 1974, ya koma Cumbria, sannan a 2023 aka kafa sabuwar majalisa mai suna Cumberland. Gretna na cikin Dumfriesshire har 1975. Mai bincike dole ya san sunan da wuri ke amsawa a shekarar da aka ɗaura auren.

Kammalawa

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Wanda ya yi aure a Haɗeja a 1985 a Jihar Kano ya yi, amma daga 1991 garin na Jigawa. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, duk lokacin da sunan gari ya bayyana a matanin da muke fassarawa, mu tambayi shekarar, mu tambayi dokar da ke aiki a wurin, kafin mu ɗora alƙalami.