Bushewar Ido Da Baki: Me Gwajin Jini Ke Nunawa?

'Yan'uwa manoma, in hunturu ya kama, daga Kwanar Dangora har Doguwa kowa leɓensa na tsagewa, ƙurar sussuka kuma ta cika ido. Wannan da ruwa ya sauka ya wuce. Amma akwai bushewar da ba ruwanta da rani ko damina. Ido kamar an zuba yashi, baki ba miyau, tuwo ba ya wucewa sai da kurɓin ruwa, haƙora na ruɓewa, ga gajiya da ciwon gaɓoɓi.

Wani likitan ido na ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana cutar a 1933, da sunansa ake kiranta. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta auka wa inda hawaye da miyau ke fitowa. Cikin masu ita goma, wajen tara mata ne. Ba a ɗaukarta, don haka kada a ware wa kowa kwano.

Gwajin farko, ESR, mai sauƙi ne. A zuba jini a siririyar kwalba, a bar shi awa 1, a auna yadda jajayen ƙwayoyinsa suka kwanta. In akwai kumburi a jiki, sukan kwanta da sauri. Amma mu lura, juna biyu, ƙarancin jini da tarin fuka duk suna ɗaga shi. Hayaƙi yake nunawa, ba ya faɗin ɗakin da wuta take.

Na biyu, CRP, hanta ke yin sa. Abin mamaki, a wannan cuta sau da yawa ESR na hawa, shi kuwa yana nan daidai. In ya tashi ƙwarai, likita zai nemi wata cutar da ta shigo.

Wanda ya fi nuna ta shi ne anti-SSA, ko da yake wasu na da cutar ba a same shi ba. Irin wannan sai babban asibiti, kamar na Koyarwa na Aminu Kano. Mai ciki da aka samu da shi, a riƙa duba bugun zuciyar ɗan tayin.

Ciwon suga da wasu magungunan mura su ma suna busar da baki. Bushewar da ta wuce wata 3, a je asibiti da kwalayen magungunan da ake sha. Na ido kuwa, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano. Kafin nan, kurɓin ruwa a kai a kai, a rage alewa, kada a ɗiga wa ido komai sai abin da likita ya bayar.